Distiributar tsohuwar motar kaya da mayar da ita ta lantarki: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu tsofaffin akori-kura da manyan motocin kaya suka fi maimaitawa, musamman masu Chevrolet da Ford da Dodge na Amurka da Land Rover ta Ingila, ƙirar shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1970. Maganar ta injin fetur ce kaɗai. Injin dizal matsin iska ne ke kunna masa mai, babu ruwansa da fulogi balle distiributa.

Wai mene ne aikin distiributa, ban da raba wa fulogai wuta?

Rabon wutar ma shi ne mafi sauƙi cikin ayyukanta uku. Na farko, ita ke katse wutar batir da ke bi ta cikin koyil. Muddin kwantak, wato ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa a cikinta, yana rufe, wuta na gudana a naɗin farko na koyil tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar tudun shaf ya ture kwantak ya buɗe, sai ƙarfin nan ya rushe nan take, naɗi na biyu ya haifar da wutar da ta kai folt 15,000 zuwa 25,000. A lura da kyau, tartsatsi na fita ne lokacin buɗewa, ba lokacin rufewa ba. Na biyu, rota ta ɗauki wutar ta miƙa wa silindar da layi ya zo kanta. Na uku kuma, wanda aka fi mantawa da shi, ita ke sauya lokacin fitar tartsatsin gwargwadon gudun injin da nauyin da yake ja.

Charles Kettering da kamfaninsa na Delco ne suka fito da wannan tsari, Cadillac ta fara amfani da shi wajajen 1910, ya kuma yi sama da shekara 60 yana aiki ba tare da wani sauyi na a zo a gani ba. Distiributa tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ne ke jan ta, kuma a injuna da dama gindinta ne ke juya famfon baƙin mai. Saboda haka duk wanda ya mayar da ita ba ta zauna daram ba, ba wutar kaɗai ya taɓa ba.

Waɗanne sassa ne ke ci, kuma yaya zan gane sun ci?

Fara da murfi. Cire shi, ka juya cikinsa wajen haske. In ka ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, daga wannan ƙarfe zuwa wancan ko zuwa gefen murfin, to wuta ta riga ta fasa wa kanta hanya. Ko ka goge za ta koma, sauyawa kawai. Duba ɗan gawayin da ke tsakiya, ka danna shi da yatsa ka ga ko sifirin ɗinsa na turo shi. Murfin da ya tsage yakan ɓoye aibinsa a lokacin zafi, sai an samu danshi mota ta ƙi tashi.

Rota kuwa bakinta ne ke ƙonewa. Akwai kuma wadda ido ba zai gane ta mutu ba: wuta ta huda robar ta sauka kan shaf. Rotocin kwaikwayo masu ƙusa a kusa da tsakiya sun yi ƙaurin suna wajen haka a distiributocin ƙirar Ingila. Gwajinta ba wuya. Cire murfi, ka riƙe wayar tsakiya ta koyil da fulaya mai rufin roba kusa da ƙarfen rota, a murza makulli. In tartsatsi mai ƙarfi ya yi tsalle zuwa rotar, ta samu hanyar zuwa jikin injin ke nan, ta tashi aiki.

Sai kwantak da kwandansa, waɗanda a da can ake sauya su duk bayan kilomita 16,000 zuwa 20,000. Sauran su ne waɗanda ba a cika dubawa ba: bushin ɗin shaf, ƙananan ƙarafa masu nauyi da sifirin ɗinsu, tulun zuƙar iska da ke gefe, giyar gindi, da wata 'yar waya maras rufi da ke haɗa farantin kwantak da jikin distiributa. 'Yar wayar nan in ta tsinke, mota za ta riƙa yankewa duk lokacin da farantin ya motsa, makaniki ya yi ta kwance kafireto a banza.

Tazarar kwantak nawa ce, kuma mene ne duwel?

Littafin injinka shi ke da magana ta ƙarshe, amma ga waɗanda aka fi sani. Ƙaramin V8 na Chevrolet, inci 0.019 ga sabon kwantak, 0.016 ga wanda ya yi aiki. V8 na Ford, wajen 0.017. Distiributar Lucas 25D, wajen 0.015, wato milimita 0.38. Ana auna tazarar ne lokacin da dugadugin kwantak ya hau ƙololuwar tudun shaf.

Duwel shi ne adadin digirin da shaf ke juyawa kwantak na rufe. A injin silinda 8 kowace silinda digiri 45 ne rabonta, a Chevrolet kusan 30 daga ciki kwantak na rufe, 15 yana buɗe. Mitar duwel ta fi geji gaskiya, domin kwantak da ya yi aiki fuskarsa ba ta miƙe ba, geji na hawa kan ƙurjin ya ba ka lamba ta ƙarya. Daga wajajen 1957 distiributocin Delco na V8 suka fara zuwa da 'yar taga a murfi, ka ɗaga ta ka zura makullin alen ka saita injin na tafiya. Ban san wata dabara da ta fi wannan sauƙaƙa wa makaniki rai a wancan zamani ba.

Abin da ya kamata ka riƙe: duk lokacin da tazara ta sauya, taimin, wato lokacin fitar tartsatsi, ya sauya. Dugadugin kwantak na cinyewa a hankali, tazara na raguwa, duwel na ƙaruwa, tartsatsi na ƙara makara. Shi ya sa mota ke yin nauyi sannu a hankali har mai ita ya saba bai sani ba. Don haka kwantak ake fara saitawa, sannan taimin. Kuma a ɗan shafa wa tudun shaf giris kaɗan, a ɗiga wa audugar da ke ƙarƙashin rota ɗigon mai.

Na sauya kwandansa sabo, bayan kwana kaɗan mota ta koma yankewa. Zai yiwu sabon ne?

Ƙwarai kuwa. Kwandansa ɗan ƙaramin abu ne, wajen maikurofarad 0.2, aikinsa shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kwantak lokacin buɗewa, don ƙarfin koyil ya rushe da sauri. Yanzu da manyan masana'antu suka daina yin motoci masu kwantak, ingancin waɗanda ake samu hawa da sauka yake yi. Alamar maras kyau ita ce mota ta yi lafiya da sanyi, ta ɗau zafi ta fara tari, bakin kwantak ya yi shuɗi-shuɗi. In tsohon kwandansanka na aiki, bar shi a wurinsa. Wannan matsala ta kayan gyara ita ce dalili mafi ƙarfi da na sani na komawa lantarki.

In na mayar da ita ta lantarki, mene ne ainihin abin da ya sauya?

Abu ɗaya: mai katse wuta. An cire ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, an sa na'urar da ke gane matsayin shaf ba tare da ta taɓa shi ba, da tiransisto mai katse wutar koyil. Shike nan. Murfi na nan, rota na nan, shaf da bushin na nan, ƙarafa masu nauyi da tulun zuƙa duk suna nan da halinsu na jiya.

Hanyoyin gane matsayin shaf uku ne. Akwai mai zoben roba da aka binne ƙananan maganaɗisu a ciki, ana zura shi a kan tudun shaf, irin na Pertronix Ignitor. Akwai mai tauraron ƙarfe da ke wucewa gaban naɗin waya ya haifar da 'yar wuta, wanda masana'antun Amurka suka zaɓa: Chrysler mai yin Dodge ta sa shi a dukan motocinta a 1973, General Motors mai yin Chevrolet ta yi haka da tsarinta na HEI a 1975, Ford ma ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1970 da tsarin da aka sani da Duraspark. Sai mai haske, inda faifai mai fukafukai ke gilmawa tsakanin 'yar fitila da idon da ke kallon ta, irin na Lumenition da Mallory Unilite. Dokokin rage hayaƙi ne suka tura masana'antun ga wannan sauyi, domin ana buƙatar taimin da zai tsaya inda aka sa shi na tsawon lokaci.

Zai ƙara wa motata ƙarfi? Shan mai fa?

In kwantak ɗinka lafiya yake, an saita shi daidai, da wuya ka ji bambanci a ƙafarka. Waɗanda ke cewa motarsu ta koma sabuwa bayan sauyin, akasari kwantak ɗin da suka cire ya daɗe da kauce wa saiti, ga shi kuma a wajen aikin an sake taimin, an sa sabon murfi da fulogai. Ribar gaskiya ita ce saitin ba ya gushewa, tashi da safe ya fi sauƙi, silo ya fi kwanciya. A gudu mai yawa ma akwai riba, don V8 da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 200 a kowace daƙiƙa, kuma kwantak mai raunin sifirin yakan fara tsalle. Sai dai tsohuwar motar kaya ba kasafai take zama a can sama ba.

Distiributata ta tsufa sosai. In na sa mata na lantarki ta warke?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke zubar da kuɗinsu. Gaskiya ne na'urar da ba ta taɓa shaf ta fi kwantak haƙuri da ɗan kaɗawa, amma ba ta gyara komai a tsarin gabatar da wuta, alhali shi ne ke sa mota ta ja ko ta yi sanyi. Fetur na ɗaukar lokaci kafin ya gama ci, don haka duk yadda injin ya ƙara gudu dole tartsatsi ya ƙara sammako. Ƙarafa masu nauyin nan ne ke buɗewa da ƙarfin juyi su gabatar da shi. Tulun zuƙa kuma yana ƙara wasu digiri 10 zuwa 15 lokacin da kake tafiya a miƙe ba ka danne totur ba, a nan ne ake samun sauƙin mai da sanyin injin.

Kafin ka sayi komai, yi gwaji huɗu. Kama rota ka murɗa ta wajen da take juyawa, ka saki. Ya kamata ta ɗan tafi da tauri, ta dawo da kanta tsaf. In ta ƙi motsi tsatsa ta kama ƙarafan, in ta tafi ba ta dawo ba sifirin ya saki. Sannan ka cire tiyon tulun zuƙa daga kafireto ka tsotsa da baki kana kallon farantin ciki. Zai ɗan juya. Toshe bakin tiyon da harshenka ka jira: in farantin ya tsaya, robar cikin tulun lafiya take, in ya sulale ya koma ko kuma ka ji kana ta shan iska kawai, ta fashe. Na uku, kama kan shaf ka kaɗa shi gefe da gefe. Abin da ido ya gani ya riga ya yi yawa. Na huɗu, haska fitilar taimin a kan alamar fuli injin na silo. Alamar da ke rawa tana kai da komo tana nuna bushin ko giya ko sarƙar taimin sun ci. Mai mitar duwel kuma ya taka totur ya duba, in allurar ta gusa fiye da digiri 3 labarin ɗaya ne.

Distiributar da ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje gyara take so: sabon bushin, wanke ƙarafa, sifirin da ya dace, a kuma ɗora ta kan injin gwaji irin na kamfanin Sun in an samu mai shi, a ga digirin da take bayarwa a kowane gudu. Bayan nan ne maganar lantarki ke da ma'ana.

To in sayi ƙaramar na'urar da ke shiga cikin tsohuwar, ko in sauya distiributar ɗungurungum?

In jikin tsohuwar lafiya yake, ƙaramar ta fi a wurina. Saitin gabatar da wutar da masana'anta ta yi wa injin motar kaya yana nan, kamannin injin bai sauya ba, wayoyi biyu ne kawai ke fitowa, kuma in ta mutu a hanya kana iya mayar da kwantak da sukurudireba. Sabuwar distiributa ta kasuwa sau da yawa an saita ta ne don kowa da kowa, ko ma don motar tsere, wadda ke sakin dukan digirinta da wuri. Ɗora wa irin wannan kaya ka hau tudu, sai ka ji injin na ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarar nan fistin take ci.

In jikin ya lalace ko ba a samun kayansa, sai a sauya. Akwai ma waɗanda babu ƙarafa masu nauyi a cikinsu sam, irin na kamfanin 123ignition na ƙasar Holan, kwamfuta ce 'yar ƙarama ke lissafin digirin. A kula da giyar gindi: dole ƙarfenta ya dace da na kamshaf. Tsohon kamshaf na zubi giyar zubi yake so, in aka haɗa shi da wadda ta fi shi tauri ɗaya zai ci ɗaya, garin ƙarfen kuma cikin baƙin mai zai zuba.

Ana ta maganar balas resisto. Ina ruwana da shi?

Ruwanka da shi babba ne, don da yawa daga cikin na'urorin da ake cewa ba su da kyau wannan ne ya kashe su ko ya hana su aiki. Kwantak ba ya jure wutar da ta wuce amfiya 4 ko makamancin haka. Shi ya sa a motoci masu folt 12 ake yin ɗayan biyu: ko koyil mai om 3 da ke shan wutar batir kai tsaye, ko koyil mai om 1.5 da aka sa wa resisto mai rage wuta a gaba. Hikimar ta biyun ita ce lokacin tayar da mota, sa'ad da sitata ta janye ƙarfin batir, ana kewaye resiston a ba koyil wuta cikakkiya. A General Motors ta wajen ƙafar R ta solanoyid ake yin haka, a Ford ta ƙafar I.

A Dodge resiston farin tubalin tangaran ne a bangon injin, kowa na ganin sa. In ya ƙone alamarsa ba ta ɓuya: mota ta kama muddin kana riƙe da makulli a wajen tayarwa, kana saki ta mutu. A Chevrolet da Ford kuwa akasari resiston waya ce da aka saƙa cikin damin wayoyi, ta Ford ruwan hoda ce. Mutum zai rantse motarsa ba ta da shi.

Ga tarkon da ke cikin awon. In ka kunna makulli ka ɗora mita a fozitib ɗin koyil kwantak na buɗe, za ka ga folt 12 ko da resisto ko babu, domin wuta ba ta gudana. Sai ka tabbatar kwantak na rufe, sannan ka auna. In lambar ta faɗo zuwa 6 ko 9, akwai resisto a hanya. Yi awon da sauri ka kashe makulli.

Mafi yawan na'urorin lantarki suna son folt 12 cikakke a jar wayarsu, daga layin da ke da wuta a wajen tayarwa da wajen tafiya duka biyun. Koyil kuma a bi takardar na'urar. Ignitor na farko yana son aƙalla om 1.5 a injin silinda 8, om 3 a mai 4 ko 6. Haɗa shi da koyil mai om 0.6 don neman ƙarfi, lissafin ya kai wajen amfiya 20, tiransisto ya soye. Haka kuma masu yin sa sun yi gargaɗin kada a bar makulli a kunne injin na tsaye. Mai son jin rediyo ya mayar da makulli wajen da ba ya ba koyil wuta.

Motata mai folt 6 ce, kuma fozitib ne ke haɗe da jikinta. Akwai tawa?

Akwai, amma dole ka faɗi haka wajen saye. Ford da Dodge sun yi amfani da folt 6 da fozitib a jikin mota har 1955, suka koma folt 12 da negatib a 1956. Chevrolet tun tana folt 6 negatib take haɗawa. Land Rover ta ci gaba da fozitib har wajajen 1967. Kada ka dogara da shekara kaɗai, leƙa batir ka gani da idonka, don motar da ta shekara 70 ta bi ta hannaye da yawa. Tiransisto ba ya yafe juyin waya ko na daƙiƙa ɗaya.

A folt 6 ni ba na saurin ba da shawarar sauyi. Lokacin da sitata ke ja, wutar kan faɗi ƙasa da folt 5, kwantak zai yi ta maneji a haka, na'urar lantarki kuwa tana iya yin shiru. Wanda ya nace, ya fara sa wayoyin batir masu kauri irin na asali, ya kankare duk mahaɗa har ƙarfe ya yi ƙyalli.

HEI fa a tsohuwar Chevrolet?

Zaɓi ne mai kyau ga wanda bai damu da kamannin asali ba. A V8 koyil ɗin na cikin murfi, waya ɗaya tak take buƙata, kayanta kuma ba sa wuyar samu. Sharuɗɗanta uku. Waya mai kauri da folt 12 cikakke zuwa ƙafar BAT, ba tsohuwar wayar resisto ba. Wuri, domin murfinta ƙato ne, distiributar Chevrolet V8 kuma a bayan injin take, a wasu tsofaffin motocin tana gogar bango. Sai wayoyin fulogi masu kan da ya dace da ita.

In ka sauya modul ɗin cikinta, wato na'urar da ke katse wuta, kada ka manta da farin man da ake shafa masa a ƙasa. Shi ke kai zafinsa jikin distiributa, babu shi modul ba ya daɗewa. In kuma mota na yankewa daidai lokacin da ka ɗan taɓa totur, duba siraran wayoyi biyu na naɗin ciki. Tulun zuƙa na lanƙwasa su dubban sau har su karye a cikin rufinsu.

Tsohuwar Ford ɗina na sa mata sabon kafireto, sai ta mutu murus. Distiributa ce?

In ƙirar ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1950 ce, ko mai silinda 6 ta farkon 1960, mai yiwuwa Load-O-Matic ce a ciki. Wannan ba ta da ƙarafa masu nauyi, zuƙar iska kaɗai take bi, kuma zuƙar ta musamman ce daga kafireton da aka yi su tare. Raba su, ka rasa gabatar da wuta. Na'urar lantarki ba ta magance wannan. Ko ka mayar da kafireton asali, ko ka nemi distiributa mai ƙarafa.

Na gama haɗawa, mota ta ƙi tashi. Daga ina zan fara?

Fara da ganin ko akwai tartsatsi a wayar tsakiya ta koyil. In babu, auna wutar jar waya lokacin da sitata ke juyawa, ba lokacin da makulli ke kunne kawai ba. Sau da yawa an ɗauko ta ne daga layin da ke mutuwa a wajen tayarwa. Duba ko farantin na'urar na haɗe sosai da jikin distiributa, ko zoben maganaɗisun ya zauna har ƙasa, ko tazararsa ta yi daidai da ɗan gejin robar da ya zo da shi.

In akwai tartsatsi amma injin na harbi ta kafireto ko ta salansa, matsalar jeri ce. Fistin na 1 yana zuwa ƙololuwa sau biyu kafin rota ta zagayo sau ɗaya, wanda ya zare distiributa yana iya mayar da ita a juyin da ba shi ba. Cire fulogi na 1, ka toshe ramin da babban yatsa, a juya injin a hankali. Lokacin da iska ta ture yatsanka, kawo alamar fuli kan sifili, ka duba inda rota ta nuna, nan ne wayar silinda ta 1. Daga nan ka bi jeri. Mai silinda 4 akasari 1-3-4-2 ne, mai 6 a layi 1-5-3-6-2-4. Ƙaramin V8 na Chevrolet 1-8-4-3-6-5-7-2, rota na bin hannun agogo. Ford 289 da tsohon 302 kuwa 1-5-4-2-6-3-7-8, rota na saɓa wa agogo, 351W kuma 1-3-7-2-6-5-4-8. Lambobin silindar ma ba iri ɗaya kamfanonin biyu ke ƙirga su ba.

Sai na sake taimin ko da ban motsa distiributar ba?

Dole. Na'urar ba ta katse wuta a daidai inda kwantak ke yi, bambancin kan kai digiri da yawa. Cire tiyon zuƙa ka toshe shi, saita a silo da fitila, sannan ka taka totur ka ga alamar na tafiya gaba lami lafiya. A tsofaffin injuna zoben waje na fuli, wanda ke zaune kan roba, yakan zame, alamar ta koma ƙarya. In lambar da littafi ya ce ta sa injin na wahala, tabbatar da ƙololuwar fistin tukuna.

Fulogai da wayoyinsu fa?

Wayoyi masu zallar ƙarfe a ciki suna watsa hayaniyar lantarki da ke rikita na'urori da yawa, wasu kamfanonin ma sun hana amfani da su ƙiri-ƙiri. A sa masu rage hayaniya. Tazarar fulogi a zamanin kwantak wajen inci 0.035 ce, HEI na ɗaukar 0.045. In ƙaramar na'ura ka sa a ƙarƙashin tsohon ƙaramin murfi, kada ka buɗe tazarar da yawa. Duk yadda ka faɗaɗa ta, wutar na ƙara neman hanya mafi kusa, a cikin ƙaramin murfi kuwa hanyar ita ce ƙarfen maƙwabciyar silinda.

Ina bukatar akwatin MSD?

Ga motar kaya da ba a taɓa injinta ba, a'a. Akwatin na'urar lantarki ce da ake haɗawa da koyil, yana sakin tartsatsi da yawa a jere in juyin injin bai kai 3,000 ba, yana taimakon injin da aka sa wa kamshaf na tsere. Naka bai roƙa ba.

Me zan riƙa ɗauka a mota saboda tsaro?

Kwantak yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, a kankare shi a lallaɓa a isa gida. Na'urar lantarki sau da yawa ɗif take yi, ko ta mutu da zafi ta farfaɗo bayan ta huce. Saboda haka tsohon farantinka da kwantak da kwandansa da sukurorinsu da 'yar wayarsu su zauna wuri ɗaya a cikin mota, tare da rota guda da geji. In ka kewaye resisto lokacin sauyin, rubuta a takarda wace waya ka cire da inda ka naɗe ta, domin kwantak da koyil mai om 1.5 ba za su jure folt 12 kai tsaye na dogon lokaci ba. Mai HEI ya ɗauki modul da man shafinsa da ɗan soket ɗin da ke kwance shi. In kuma za a yi walda a jikin motar, a cire kan batir da wayoyin na'urar kafin a kunna injin waldar.